Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babban Kwamandan Runduna Ta Ɗaya: Soja Ya Kama, Alƙali Ya Yanke Hukunci

Zuwa ga
Babban Kwamanda,
Runduna ta Ɗaya ta Sojojin Ƙasa na Nijeriya,
Kawo, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

 Ina yi maka ta'aziyyar mazajen da suka kwanta dama a dazukan Birnin Gwari da Igabi da Chikun da kan hanyar Abuja, suna tsaye domin mu samu mu yi barci. Allah ya jiƙansu, ya ba masu rauni lafiya, ya rufa wa marayu da matan da suka bari asiri.

Yallaɓai, ni ɗan ƙasa ne mazaunin arewacin garin nan. Ba ni da muƙami, kuma ba da yawun wata jam'iyya ko ƙungiya nake magana ba. Abin da ya sa na kawo wannan magana bainar jama'a shi ne, duk ƙofofin da aka saba ƙwanƙwasawa a kanta an ƙwanƙwasa su shekara da shekaru. A watan Agustan 2017 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Biobele Georgewill domin ya binciki yadda sojoji ke kiyaye haƙƙin ɗan Adam. Ya zagaya ƙasa, mutane suka je suka yi kuka a gabansa, ya miƙa rahotonsa a 2018, kuma har yau talaka bai ga abin da ke ciki ba. A nan Kaduna ma an kafa hukumar bincike kan abin da ya faru a Zariya a 2016, ta rubuta shawarwarinta, aka ajiye. Kotuna sun ba da umarni, aka yi kunnen uwar shegu da wasu. Idan takarda ta shiga ofis ba ta dawo da amsa ba, abin da ya rage wa mai ƙorafi shi ne ya faɗa inda kowa zai ji.

Roƙona guda ɗaya ne, sauran duk bayaninsa ne: duk mutumin da soja ya kama bisa zargin ta'addanci, a rubuta sunansa, a sanar da danginsa inda yake, a kai shi gaban alƙali cikin lokacin da doka ta ƙayyade.

Kafin in shiga bayani, ina so ka san cewa mutanen Kaduna ba labarin ta'addanci muke ji ba. Ranar 7 ga Fabrairun 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya auka wa hedikwatar rundunarka a Kawo. Ranar Ista ta 2012 bam ya kashe gomman mutane a tsakiyar gari, cikinsu har da 'yan acaɓa masu neman na abinci. A watan Oktoba aka kai wa masu ibada hari a cocin Saint Rita da ke yankin Malali. Ranar 23 ga Yulin 2014 bama-bamai biyu suka tashi rana ɗaya, ɗaya kan ayarin Shehu Dahiru Usman Bauchi bayan rufe tafsiri, ɗaya a Kawo kan ayarin Janar Muhammadu Buhari. A Maris ɗin 2021 aka kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka. Ranar 24 ga Agustan 2021 aka shiga har cikin makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, aka kashe hafsoshi biyu, aka tafi da ɗaya. Ranar 28 ga Maris ɗin 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja, wasu fasinjoji suka yi wata shida a daji. A Maris ɗin 2024 aka kwashe 'yan makarantar Kuriga. Babu mai hankali a garin nan da yake son a sassauta wa waɗanda suka aikata waɗannan abubuwa. Muna so a kama su, a tabbatar da laifinsu da hujja, a hukunta su kowa yana gani. Wannan wasiƙa tana neman hanyar da za ta kai ga hakan ne ba tare da an haɗa da marar laifi ba.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa a yankinmu shi ne, tun watan Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati kuma ta buga hakan a jaridarta ta hukuma a Janairun 2022. Daga ranar, dokar ta'addanci da muka saba jin labarinta a Borno da Yobe ta sauka a ƙauyukanmu. Wanda aka kama da jarkokin fetur a kan babur, da mai kai burodi, da mai kemis, da manomin da aka tilasta wa biyan haraji kafin ya girbe masararsa, da Bafulatanin da aka tare a shingen bincike, da wanda wani ya nuna da yatsa ya ce infoma ne, dukansu suna iya faɗawa ƙarƙashin wannan doka. A cikinsu akwai masu laifi na gaske, waɗanda ke cin kuɗin jinin maƙwabtansu. A cikinsu kuma akwai waɗanda bakin bindiga ya sa su, da waɗanda gaba a kan gona ko bashi ko aure ta jawo wa ƙazafi. Sojan da ke bakin daga, cikin ƙura da gajiya, ba zai iya rarrabe su a take ba, kuma babu adalci a ɗora masa wannan nauyi. Aikin da aka kafa kotu dominsa ke nan: ita ce faifan da ake sheƙe tsaba daga ƙaiƙayi.

Abu na farko da zan tunatar da kai, ranka ya daɗe, shi ne abin da doka ta ce. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk wanda aka kama damar ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa. Ya ce cikin awa 24 a sanar da shi dalilin kamun a rubuce, da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a nisan kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba a biya shi diyya, a kuma ba shi haƙuri a fili. Sashe na 36 ya ce mutum marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Na san sashe na 35 ya yi togaciya wajen wa'adin kai mutum kotu idan laifin na hukuncin kisa ne, kuma na san binciken ta'addanci ba aikin kwana biyu ba ne. To amma majalisa ta riga ta duba wannan. Dokar Hana Ta'addanci ta 2022 ta yarda a tsare wanda ake zargi har kwana 60, a kuma sabunta, da sharaɗin cewa kotu ce za ta ba da izinin. Ke nan ko a mafi tsananin dokokinmu, alƙali ne ke riƙe da mabuɗin. Dokar Shari'ar Manyan Laifuka ta 2015 ta hana a kama wani a madadin wanda ake nema, ta kuma ɗora wa alƙalai ziyartar wuraren da hukumomi ke tsare mutane. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta haramta tsarewa a ɓoyayyen wuri da hana wanda aka tsare ganin kowa, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga mai azabtarwa. Tun 2009 kuma Nijeriya ta shiga yarjejeniyar duniya da ta haramta ɓatar da mutane, wadda ta wajabta ajiye rajistar duk wanda ke tsare. Rantsuwar da ka yi ranar da aka ɗaura maka anini ta kare wannan kundi ce, da duk abin da ke cikinsa.

Abu na biyu shi ne darasin Barikin Giwa da ke Maiduguri. Hausawa sun ce idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A can ma da niyyar tsare gari aka fara. Ana kai samame unguwa, a tara maza, wani da aka ɓoye fuskarsa ya riƙa nunawa, a loda mutane a mota. Ana cewa za a tantance su nan da 'yan kwanaki, kwanakin suka zama shekaru. A watan Yunin 2015 ƙungiyar Amnesty International ta ruwaito cewa sojoji sun kama aƙalla mutum 20,000 a Arewa maso Gabas, kuma sama da 7,000 sun mutu a tsare tun daga Maris ɗin 2011, mafi yawa saboda yunwa da ƙishirwa da cunkoso da cuta da azaba. Ta kuma ce bayan harin da Boko Haram ta kai barikin ranar 14 ga Maris ɗin 2014, an kashe sama da mutum 640 cikin tsararrun da aka sake kamawa. A 2016 ta ba da rahoton mutuwar ƙananan yara da jarirai a ɗakunan barikin. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna an tsare yara sama da 3,600 tsakanin Janairun 2013 da Maris ɗin 2019. Na san rundunar soja ta musanta waɗannan rahotanni, kuma kwamitin da ta kafa a 2017 ya wanke manyan hafsoshinta. Sai dai shi kansa kwamitin ya yi ƙorafi a kan jinkirin gurfanar da tsararru. Kuma a watan Disamban 2020 babbar mai gabatar da ƙara ta Kotun Duniya, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin da za a yarda cewa Boko Haram da kuma jami'an tsaron Nijeriya sun aikata laifukan yaƙi, ciki har da tsarewa ba bisa ƙa'ida ba da azabtarwa da ɓatar da mutane. Da a ce tun ranar farko akwai rajista, akwai alƙalin da ke leƙa ɗakunan, da yau rundunar tana da takardun da za ta kare kanta da su. Rashin rajistar ya cuci tsararru, ya kuma bar tabo a jikin kakin da dubban sojoji na kirki suka mutu a cikinsa.

Abu na uku shi ne abin da ya bayyana ranar da aka kai mutanen gaban alƙali. A watan Oktoban 2017 aka fara shari'ar waɗanda ke tsare a barikin Wawa da ke Kainji a jihar Neja, inda aka ce akwai mutum 1,669. A zaman farko an samu mutum 45 da laifi, aka sallami 468. A zama na biyu, cikin Fabrairun 2018, an samu 205 da laifi, aka sallami 526. Yallaɓai, ka dubi waɗannan alƙaluma da kyau: a zama biyu an ɗaure mutum 250, an sallami 994. Duk mutum ɗaya da aka samu da laifi, akwai kusan huɗu da gwamnati ta rasa hujjar da za ta gabatar a kansu, bayan da yawa sun kwashe shekaru a kulle. Wa zai mayar musu da waɗannan shekaru? Iyayen wasu sun mutu ba su yi musu salla ba, gonakinsu sun zama daji, 'ya'yansu sun girma ba su san fuskarsu ba. Su kansu waɗanda aka ɗaure, masu sa ido irin su Human Rights Watch sun koka cewa wasu shari'o'in ba su kai minti 15 ba, mafi yawa sun dogara ne ga amsa laifi kawai, kuma lauyoyi ba su samu isasshen lokacin ganawa da mutanen da suke karewa ba. Wannan ma jinkiri ne ya jawo shi. Bayan shekara biyar, sojan da ya yi kamun an canza masa wurin aiki ko ya rasu, shaidu sun watse, kayan da aka kama mutum da su ba a san inda suke ba. Tsawon tsarewa yana kashe shari'ar mai laifin ma, har ya samu ƙofar kuɓuta.

Abu na huɗu ya shafi jiharmu. Daga 12 zuwa 14 ga Disamban 2015 aka yi arangama a Zariya tsakanin sojoji da mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky. Ba maganar aƙida na zo yi ba, kuma hukumar binciken da Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba ya jagoranta ta ɗora wa ƙungiyar mabiyan nata laifin, ta kuma tabbatar an kashe soja ɗaya. Amma a gaban wannan hukumar ne Sakataren Gwamnatin Jiha ya shaida, a watan Afrilun 2016, cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya a Mando, nan bayanmu. Hukumar ta ce an yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima, ta ba da shawarar a gurfanar da masu hannu, kuma har yau ba mu ji an yi hakan ba. Shi kuwa Shaikh Zakzaky da maiɗakinsa, bayan sojoji sun kama su, hukumar DSS ce ta ci gaba da tsare su. Ranar 2 ga Disamban 2016 Mai Shari'a Gabriel Kolawole ya ba da umarnin a sake su, ba a bi ba. Sai ranar 28 ga Yulin 2021 Babbar Kotun Jihar Kaduna ta wanke su, bayan shekara biyar da wata bakwai. Mutumin da duniya ta san sunansa, yake da manyan lauyoyi, ya ga haka. Ina ga ɗan acaɓan Rigasa ko makiyayin da babu wanda zai rubuta masa takarda?

Akwai kuma Tudun Biri. Daren 3 ga Disamban 2023 jirgi marar matuƙi na sojojin ƙasa ya jefa bam kan masu Maulidi a wannan ƙauye na ƙaramar hukumar Igabi, hukumar NEMA ta ce aƙalla mutum 85 suka rasu. Na kawo wannan ne saboda dalilai biyu. Na ɗaya, ya nuna bayanan sirri kan yi kuskure, kuma kuskuren da zai iya faruwa daga sama zai iya faruwa a ƙasa wajen kame. Na biyu, ya nuna rundunar tana iya yin abin da ya dace. Marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, Babban Hafsan Sojojin Ƙasa na lokacin, wanda ya taɓa zama a kujerar da kake kai yanzu, ya taka da ƙafarsa har ƙauyen, ya amsa cewa sojojinsa ne, ya ba da haƙuri. Hakan bai rage masa daraja ba, mutanen Kaduna suna tuna masa da shi. Irin wannan ƙarfin hali nake nema a wajenka kan batun tsararru.

Abu na biyar shi ne halin da iyalai ke shiga, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani a matsayinka na uba. Wanda ɗan'uwansa ya mutu yana da makoki: a yi jana'iza, a yi zaman kwana uku, a raba gado, matarsa ta yi takaba ta fita. Wanda ɗan'uwansa ke gidan yari ya san ranar ziyara, ya san ranar fitowa. Amma matar da aka ɗauke mijinta aka neme shi sama ko ƙasa aka rasa, tana nan a rataye, ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, matar wanda ya ɓace takan jira shekara huɗu bayan ta kai ƙara kafin ta fara idda. Dukiyarsa ba ta rabuwa, 'ya'yansa ba a san ko marayu ba ne. Dangi su sayar da akuya da gona suna bin ofis-ofis, 'yan damfara su karɓe abin da ya rage da sunan za su fito da shi. Amsar da ake ba su a ƙofa ba ta wuce "ana bincike" ko "umarni ne daga sama" ba. Matan ƙungiyar Knifar a Borno, waɗanda aka raba su da mazajensu bayan sun tsero daga ƙauyukan yankin Bama, sun yi shekaru suna tattara sunaye da hannunsu suna roƙo. Abin da iyalai irin waɗannan ke faɗa bai taɓa canzawa ba: mu dai a nuna mana shi, in ya yi laifi a kai shi kotu. Addinan da muke bi a garin nan, Musulunci da Kiristanci, sun haɗu a kan cewa ba a kama ɗa da laifin uba, kuma hujja tana wuyan mai zargi ne.

Abu na shida shi ne, tsarewa ba shari'a tana raunana yaƙin da kake yi. Makamin da ya fi kowane amfani a wannan yaƙi shi ne bakin mutanen ƙauye: su ne suka san wanda ya shigo, da wanda ya saya buhun shinkafa goma ba shi da biki. Ƙauyen da aka ɗauke wa matasa uku ba a sake jin ɗuriyarsu ba, ba zai ƙara buɗe baki ba. Ɗan ta'adda kuwa ya samu abin da zai yi wa'azi da shi. Sauran ƙasashe sun gwada wannan hanya sun ga ƙarshenta. A watan Agustan 1971 Birtaniya ta fara tsare mutane ba shari'a a Ireland ta Arewa, aka kama 342 a samamen farko, rikicin ya ƙara ƙamari, har ta haƙura ta daina a 1975. Amurka ta buɗe kurkukun Guantanamo a Janairun 2002, ta tsare kusan mutum 780, ta ƙare da sakin mafi yawansu ba tare da tuhuma ba, kuma a 2008 Kotun Ƙolinta ta ce tsararrun suna da haƙƙin ƙalubalantar tsarewarsu a gaban alƙali. A Iraƙi, sansanin Bucca inda aka cakuɗa masu tsattsauran ra'ayi da mutanen da aka kwaso kawai, nan aka taɓa tsare jagoran 'yan ta'addan nan Abubakar al-Bagadadi a 2004, kuma da yawa cikin jagororin ƙungiyarsa sun bi ta wurin. Mu kanmu muna da namu misalin. A ƙarshen Yulin 2009 sojoji sun kama shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda, aka kashe shi kafin ya ga alƙali. Sojoji sun yi nasu daidai a ranar, amma da yake babu kotu a cikin lissafin, ƙasar nan ta rasa damar jin su wa ke bayansa, kuma kowa ya san abin da ya biyo baya. Shi ya sa miƙa mutum ga wata hukuma kaɗai bai wadatar ba, sai an yi shi a rubuce, an kuma bi sawu har ya isa kotu.

Na san abin da dakarunka za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Za su ce sun sha kama mutum da ransu a hannu, su miƙa shi, bayan wata biyu su gamu da shi a daji. Za su ce shaidu suna tsoro, kuma gidajen yari ba su da tsaro, ga abin da ya faru a gidan yarin Kuje ranar 5 ga Yulin 2022 lokacin da aka fasa gidan ɗaruruwa suka tsere. Wannan ciwo ne na gaske. Maganinsa shi ne a gyara shari'ar tun daga tushe: a rubuta inda aka kama mutum da abin da aka same shi da shi, a ɗauki hoto, a adana waya da makami yadda lauya ba zai rushe su ba, a ɗauki jawabinsa a bidiyo ko a gaban lauya, sojan da ya yi kamun ya je ya ba da shaida. Dokar 2022 ta tanadi hanyoyin ɓoye shaidu da kare su. Kuma kotunanmu sun nuna suna iyawa: a Disamban 2013 an yanke wa Kabiru Sokoto, wanda aka danganta da harin cocin Madalla, ɗaurin rai da rai. A Maris ɗin 2018 an yanke wa Charles Okah irin wannan hukunci kan bam ɗin 1 ga Oktoban 2010 a Abuja. Hukunci irin wannan, da aka yi a fili da hujja, babu mai iya cewa zalunci ne.

Saboda haka, ranka ya daɗe, cikin ladabi nake roƙon waɗannan abubuwa. Mafi yawansu suna cikin ikon ofishinka, sauran kuma ina roƙon ka isar da su ga Babban Hafsan Sojojin Ƙasa da Babban Hafsan Tsaro.

1. A ajiye rajista guda ta duk farar hular da ke hannun rundunarka, a kowane bariki da sansani: suna, ranar kamu, wuri, dalili, sunan jami'in da ya kama, da ranar da aka miƙa shi da hukumar da ta karɓa.

2. A sanar da dangin duk wanda aka kama cikin kwana biyu, a kuma buɗe teburi a wajen ƙofar bariki da lambar waya, inda uwa ko mata za ta yi tambaya da Hausa ko Fulatanci ko Gbagyi ta samu amsa ba tare da tsoro ko biyan ko sisi ba.

3. Kada farar hula ya wuce wa'adin da kundin tsarin mulki ya ƙayyade a gadurum sai da takardar umarnin kotu. Babbar Kotun Tarayya tana da reshe a nan Kaduna, tafiyar 'yan mintuna daga Kawo.

4. A buɗe ƙofa ga alƙalai, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa wadda doka ta ba ta ikon ziyartar wuraren tsarewa, da Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, da Ƙungiyar Lauyoyi reshen Kaduna, da Red Cross, su riƙa gani da idonsu a kai a kai.

5. A aiwatar da yarjejeniyar da Gwamnatin Tarayya ta sanya wa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Satumban 2022, wadda ta ce yaron da aka samu a fagen fama a miƙa shi ga hukumomin farar hula cikin kwana bakwai.

6. A ba da umarni a rubuce cewa ba a kama mata ko uba ko ƙane a madadin wanda ake nema, ba a kama mutum don ƙabilarsa ko shigarsa, kuma maganar mai tsegumi ɗaya ba ta isa a ci gaba da tsare mutum ba sai an samu abin da ya ƙarfafa ta.

7. Idan wani ya rasu a tsare, a sanar da danginsa, likita ya binciki sababin, a ba su gawarsa su yi masa sutura bisa addininsa.

8. Wanda bincike ya wanke, a sallame shi da takardar shaida a hannunsa, domin kada 'yan sa-kai ko maƙwabta su ci gaba da kallonsa a matsayin ɗan ta'adda. A kuma sanar da jama'a sakamakon shari'ar sojan da aka yi alkawari kan Tudun Biri.

Yallaɓai, idan rundunarka tana yin waɗannan abubuwa tun da, to ina roƙon ka fito ka faɗa, ka ba da alƙaluma: mutum nawa aka kama a bana, nawa aka miƙa, nawa aka gurfanar, nawa aka sallama. Hakan zai kwantar da hankalin mutane, ya rufe bakin masu yaɗa jita-jita. Idan kuwa akwai inda aka yi sake, yanzu ne lokacin gyara, tun adadin bai kai wanda zai gagari lissafi ba. Ina roƙon ka amsa wannan wasiƙa a fili kamar yadda aka rubuta ta, ka kuma kira sarakuna da malamai da limaman coci da lauyoyin garin nan ka zauna da su a kan batun.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da dakarunka, ya ba ku nasara a kan masu zubar da jinin bayinsa, ya kuma ba ka ikon yin adalci ga duk wanda ya faɗo hannunka.

Ka huta lafiya.

Naka mai fatan alheri,
Wani ɗan ƙasa,
Unguwar Dosa, Kaduna.